Tsofaffin Masallatan Ƙasa: Tarihinsu Da Yadda Aka Gina Su

Darasin wannan wata don 'yan ajin manya

Ranar Juma'a, 11 ga watan Agusta na shekarar 2023, jama'a suna cikin sallar La'asar a babban masallacin birnin Zariya. Sai wani sashe na ginin ya rufto a kansu. Aƙalla mutum 7 suka rasu, wasu da dama suka ji rauni. Allah Ya jiƙansu da rahama. Sarkin Zazzau, Malam Ahmad Nuhu Bamalli, ya bayyana cewa an ga tsaga a bangon masallacin ana gobe abin zai auku. Ana shirin kawo masu gyara ke nan, sai ƙaddara ta riga fata.

Da shekara ta zagayo, a watan Satumba na 2024, ruwan sama mai yawa ya rushe tsohon masallacin unguwar Birni a Damagaram, cikin Jamhuriyar Nijar.

Waɗannan masallatai biyu an gina su ne a ƙarni na 19, wato tsakanin shekarar 1801 da 1900. Kowannensu ya haura shekara 150 a tsaye, alhali da ƙasa da itace aka yi su. To, yaya ginin ƙasa yake daɗewa haka? Su wane ne suka gina irin waɗannan masallatai? Mene ne yake kayar da su? Wannan darasi zai amsa tambayoyin ɗaya bayan ɗaya. Amfanin sanin amsar a fili yake, domin ƙauyuka da yawa har gobe suna da masallacin ƙasa da aka gada daga kakanni.

MASALLACIN MADINA

A shekarar 622 Annabi Muhammadu, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi hijira daga Makka zuwa Madina. Aikin da aka fara da shi shi ne ginin masallaci. An fara da na Ƙuba, sannan aka gina na cikin Madina. An sa duwatsu a tushe, an yi bango da tubalin ƙasa. Kututturen dabino shi ne ginshiƙi, ganyen dabino shi ne rufi. Annabi da kansa ya ɗauki tubali tare da Sahabbai.

Wannan masallaci ba shi da hasumiya a lokacin. Bilal yakan hau saman wani dogon gida da ke kusa ya kira salla. Sai a zamanin Halifa Walidu, wajajen shekarar 707, aka faɗaɗa masallacin, aka yi masa mihirabi da hasumiyoyi. Umaru ɗan Abdul'azizu shi ne gwamnan Madina a lokacin.

Daga nan aka sami sassan da aka sani a masallaci. Akwai bangon alƙibla, wanda masu salla suke fuskanta. Akwai mihirabi, wato lungun da liman yake tsayawa. Akwai mumbari na huɗuba, da haraba, da wurin alwala, da hasumiya ta ladan. Kowace ƙasa da Musulunci ya shiga takan gina waɗannan sassa da kayan da Allah Ya hore mata. Wasu sun yi da dutse, wasu da katako. Mutanen Afirka ta Yamma suka yi da ƙasa.

ZUWAN MASALLACI ƘASAR HAUSA

Mansa Musa, sarkin daular Mali, ya tafi aikin Hajji a 1324. Ya dawo tare da wani masani mai suna Abu Ishaƙ Assahili, mutumin Andalus. Bayan dawowarsa aka gina babban masallacin Tumbutu wajajen 1327. Da ƙasa aka yi mafi yawansa, an kuma yi ta gyara shi ana ƙara masa girma a ƙarnonin da suka biyo.

Littafin tarihin Kano ya nuna cewa Wangarawa daga Mali sun iso Kano a zamanin Sarki Yaji, wanda ya yi mulki daga 1349 zuwa 1385. Malamai ne da fatake. Su suka tsayar da salla, aka naɗa liman da ladan, aka gina masallaci. Daga baya Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, ya gina masallacin Juma'a. A zamaninsa ne Shehu Magili, babban malami daga ƙasar da ake kira Aljeriya yanzu, ya zauna a Kano.

Tsohon masallacin Kano na ƙasa babu shi yanzu. An sha rushe shi ana sake ginawa. A zamanin Sarki Abdullahi Bayero aka gina na siminti, aka buɗe shi a farkon shekarun 1950. Wanda yake son ganin na dā, sai dai a hoto.

HASUMIYAR GOBARAU

A tsakiyar birnin Katsina akwai Hasumiyar Gobarau. Tsawonta ya kai mita 15, wato kimanin ƙafa 50. Hawa uku ce, kowane hawa ya fi na ƙarƙashinsa ƙanƙanta, akwai kuma matakala ta hawa sama. Katsinawa suna danganta ta da Sarki Muhammadu Korau, wanda ake ɗauka shi ne Musulmi na farko a sarakunan Katsina. Wannan ya fi shekara 500 ke nan.

Hasumiyar wani sashe ce ta masallacin Juma'ar Katsina na wancan zamani. Masallacin kuma makaranta ne, almajirai suna zuwa daga nesa neman ilmi. Shehu Magili ya ziyarci Katsina wajajen 1493. Ban da kiran salla, hasumiyar ta yi wani amfani. A zamanin yaƙe-yaƙe masu tsaro sukan hau kanta su hango ƙurar mahara tun daga nesa.

Bayan jihadi, a zamanin Sarki Ummarun Dallaje, aka gina sabon masallacin Juma'a a wani wuri. Da aka daina salla a Gobarau sai masallacin ya zube, hasumiyar ma ta kama lalacewa. Sarki Muhammadu Dikko, wanda ya yi mulki daga 1906 zuwa 1944, shi ya tara magina suka gyara ta. A 1959 gwamnati ta sa ta cikin kayan tarihi na ƙasa. Abin lura a nan shi ne, ginin ƙasa yana rayuwa ne muddin ana shiga ana fita, ana kuma kula da shi. Ranar da aka yi watsi da shi, daga ranar ya fara mutuwa.

HASUMIYAR AGADAS

Agadas tana arewacin Nijar, a bakin hamada. Nan ne mazaunin Sarkin Abzin. Tun dā ayarin raƙuma yakan biyo ta nan da gishiri da dabino zuwa Kano da Katsina, ya koma da hatsi da tufafi. An gina babban masallacin garin wajajen 1515, aka sake gina hasumiyarsa a 1844.

Tsawon hasumiyar mita 27 ne, wato kusan ƙafa 90. Ita ce hasumiyar ƙasa mafi tsawo a duniya. Gindinta yana da faɗi, tana tsukewa har zuwa sama. Matafiya sukan hango ta tun suna nesa, su san sun kusa gari.

Duk wanda ya ga hotonta zai lura da itatuwa sun fito daga jikinta kamar ƙayar bushiya. Waɗannan itatuwa suna da aiki biyu. Suna ɗaure ginin daga ciki. Kuma su ne matakan da magina suke takawa in za su yi yaɓe. Wato wanda ya gina ta ya san za a riƙa gyara ta, don haka ya bar wa na baya tsani a jikinta. A 2013 hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa tsohon garin Agadas cikin wuraren tarihi na duniya.

MASALLACIN JUMA'A NA ZARIYA

Masana ginin gargajiya da yawa suna ganin ba a taɓa yin ginin ƙasa a ƙasar Hausa da ya kai masallacin Juma'ar Zariya ba. An gina shi a shekarun 1830, a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wanda ya yi mulki daga 1834 zuwa 1846. Yana kusa da fadar sarki, yana kallon dandali.

Wanda ya gina shi shi ne Muhammadu Durugu, ana kuma kiransa Malam Mika'ilu. Sarautarsa ita ce Babban Gwani, wato shugaban magina. Labarin baka ya ce daga Sakkwato aka turo shi, bayan Sarkin Zazzau ya nemi wanda zai gina masa masallaci. Zuriyarsa sun gaji sana'ar da sarautar. A birnin Zariya akwai unguwa mai suna Babban Gwani. Haka kuma ana danganta ginin Gidan Madaki da ke Kafin Madaki, a Jihar Bauci, da shi.

An kewaye masallacin da katanga mai zauruka na shiga. A ciki an yi wuraren alwala, da ɗakin shari'a, da babban ɗakin salla. Sarki yana da tasa ƙofar ta wajen alƙibla. Daga waje ginin bai da wani ado mai yawa. Gwanintar tana ciki.

Don a gane gwanintar, sai a tuna da wata matsala. Rufin ƙasa yana da nauyi ƙwarai. Azara guda ba ta iya ɗaukar wannan nauyi in faɗin ɗaki ya wuce kamar ƙafa 6 zuwa 9. Shi ya sa tsofaffin masallatai da yawa suke cike da ginshiƙai kusa da juna. Ginshiƙan sukan yanke sahu, su rage haske, su hana na baya ganin liman.

Babban Gwani ya rage wannan matsala da bakan gizo. Ya tayar da manyan ginshiƙai 'yan kaɗan. Daga jikinsu da jikin bango ya fitar da bakunan gizo, suka tashi sama suka haɗu da juna. A kansu ya ɗora tulluwa guda 6. Ta haka ɗakin ya buɗe, rufin ya yi nisa, iska ta sami wurin zagayawa. A jikin ginshiƙai da bakunan gizo an yi zane da hannu tun ƙasar tana ɗanya. Zanen layuka ne da da'ira da siffofi masu kusurwa uku. Babu hoton mutum ko na dabba.

A shekarun 1970 jama'a sun yi yawa, masallacin ya yi kaɗan. Sai aka gina sabo na siminti wanda ya lulluɓe tsohon ɗakin salla, aka rushe wasu sassa na waje. Kafin wannan lokaci wani masanin gini ɗan ƙasar Polan, mai suna Dmochowski, ya auna masallacin ciki da waje, ya zana shi a takarda. Da wannan awo aka gina kwatankwacinsa a gidan tarihi na Jos. Ga amfanin rubutu ke nan. Abin da aka rubuta aka ajiye, ko bango ya faɗi ba a rasa shi duka ba. Bayan hatsarin 2023 masarautar Zazzau ta shiga aikin sake gina masallacin.

Ba masallatai kaɗai maginan Hausa suka yi wa wannan aiki ba. A Wusasa, kusa da Zariya, akwai tsohuwar majami'ar Mishan da aka gina wajajen 1929. Ita ma da tubali da azara da bakan gizo aka yi ta, kamar fadar sarki.

YADDA AKE GININ

Aikin gini na rani ne. Sai an gama girbi, ruwa ya ɗauke, sannan ake farawa.

Da fari ana haƙo ƙasa mai kyau, musamman birji, wato jar ƙasa mai tsakuwa. Ramin da aka bari shi ne yake zama kududdufi. Ana jiƙa ƙasar, a tattake ta, a zuba mata datsi, wato yankakkiyar ciyawa. Ana barinta ta kwana biyu tana ruɓa, a sake jiƙawa a tattake. Ciyawar ita ce take hana ƙasar tsagewa in ta bushe.

Sai a yi tubali. Da hannu ake mulmula shi, gindinsa da faɗi, kansa da tsini. Ana shanya shi a rana kamar mako biyu. A haƙa tushe har a iske ƙasa mai tauri. Magini yakan jera tubali kansa na kallon sama, ya cike tsakani da kwaɓaɓɓiyar ƙasa. In bango ya yi sama sai ya hau kansa ya zauna, yaransa suna jefa masa tubali yana caɓewa. Bangon yana da kauri a ƙasa, yana raguwa a sama. Haka nauyin yake sauka daidai a kan tushe.

Kaurin bango yana da wani amfani. Zafin rana yakan ɗauki sa'o'i da yawa kafin ya ratsa shi. Don haka da Azahar cikin masallaci da sanyi. Da dare kuma, musamman da hunturu, bangon yakan saki ɗumin da ya sha da rana. Masu sallar Asuba su ne shaida.

Sai maganar azara. Daga giginya ake samunta. Ana sare itacen da ya tsufa, a tsaga shi gida-gida. Magina sun fi son namijin giginya don ya fi tauri. Azara mai kyau gara ba ta cika cinta ba, tana iya yin shekaru masu yawa a cikin gini.

Ga yadda ake ɗaura bakan gizo. Magini yakan kafa azara a cikin bango, ta karkato zuwa cikin ɗaki. Ya danne gindinta da ƙasa, ya lulluɓe jikinta, ya jira ta bushe. Sannan ya ɗaura wata azarar a kan ta farko da igiya, ta ƙara karkatowa. Haka zai yi ta ɗaya gefen. Gaɓa bayan gaɓa, har hannuwan biyu su haɗu a tsakiya. Ba a gaggawa, domin in ba a bar gaɓar farko ta bushe ba, ba za ta ɗauki ta biyu ba. In bakan gizo biyu ko fiye suka gitta juna a tsakiyar ɗaki, shi ake kira ɗaurin guga, saboda ya yi kama da itatuwan da ake gittawa a bakin guga.

Bayan haka sai a jera gajerun azara a tsakanin bakunan gizo, a shimfiɗa zana, a zuba ƙasa. Tudun da yake fitowa a sama shi ne tulluwa. Ruwan sama ba ya kwanciya a kansa, gangarewa yake yi. A gefen rufi ana ɗaga ɗan bango da ake kira rawani. Ana sa indararo mai tsawo don ya zubar da ruwa nesa da gindin bango. A kusurwoyi ana yin zanko. Zanko ado ne, kuma nauyinsa yana danne kusurwa, mai yaɓe ma yakan rataya igiyarsa a nan.

Na ƙarshe shi ne abin da zai hana ruwa shiga. Akwai makuba, wadda ake samu daga kwasfar ɗorawa, a kwaɓa ta da ƙasa a shafe bango. Akwai kuma laso, wanda ake yi wa rufi. Ana haɗa shi da katsi daga marina, da gashin jima daga majema, da dafara. Mai karatu ya duba ya gani: masallaci guda ya haɗa manomi da marini da majemi da mai saran itace da mai tufkar igiya. Ba a sayo kome daga ƙasar waje ba.

ABIN DA KE KAYAR DA GININ ƘASA

Babban abokin gaban ginin ƙasa shi ne ruwa. Ta sama yake shiga, ta ƙasa kuma yake ci.

Ta sama, in indararo ya toshe ko ya karye, ruwa yakan taru a kan rufi. Ƙasar ta jiƙe, nauyinta ya ƙaru, bakin azara ya ruɓe a cikin bango inda ido ba ya gani. Ciyawar da ta tsiro a kan soro ita ma saiwarta tana buɗe wa ruwa hanya.

Ta ƙasa, ruwan da yake kwanciya a gindin bango yakan hau jikinsa a hankali. Bangon ya yi laushi, ya riƙa zubar da gari, gindinsa ya zaizaye. Sau da yawa ruwan alwala ne yake wannan ɓarna, in an yi wurin alwala a jikin bango ba tare da magudana ba.

Akwai kuma kuskuren da ake yi da kyakkyawar niyya, wato shafa siminti a kan bangon ƙasa. Siminti da ƙasa ba sa kama juna sosai. Zafi da sanyi sukan sa simintin ya tsage. Ruwa ya shiga ta tsagar, ya rasa hanyar fita, domin simintin ya hana bangon shan iska. Daga waje bango yana sheƙi, daga ciki ya zama taɓo. Wata rana sai a ji ya zube.

Sauran matsalolin su ne ƙarancin giginya da ƙarancin gwanaye. Giginya tana daɗewa kafin ta isa sara. Ana sarewa ba a shukawa, ƙwallon da aka binne kuma muruci ake nema. Tsofaffin magina suna rasuwa, 'ya'yansu sun koma ginin bulo. Wanda ya iya ɗaurin guga yau sai an tona.

MUTANEN JENNE DA MUTANEN YAMA

A garin Jenne na ƙasar Mali akwai ginin ƙasa mafi girma a duniya, kuma masallaci ne. An gina wanda yake tsaye yanzu a 1907, a inda tsohon yake. An ɗora shi a kan dakali mai tsawon kusan mita 3 saboda ambaliyar kogin Bani. Ginshiƙai 90 ne suke riƙe da rufinsa. A rufin akwai ƙananan kafofi masu murfin tukwane, ana buɗe su in zafi ya yi yawa. UNESCO ta sa garin cikin wuraren tarihi na duniya a 1988.

Mutanen Jenne suna da al'adar fitowa kafin damina su yaɓe masallacinsu. Ana kwaɓa ƙasa tun da sauran kwanaki. Ranar aiki mata suna kawo ruwa, samari suna ɗauko ƙasa a kwanduna, magina suna hawa itatuwan jikin bango suna shafawa. Unguwa da unguwa suna gasa. Kafin rana ta take an gama. Duk da haka, a watan Nuwamba na 2009 wani sashe na hasumiya guda ya faɗo bayan ruwa mai ƙarfi, aka sake gina shi. Ashe ko mai kula ma sai ya ƙara sa ido.

Yama kuwa ƙauyen Hausawa ne a yankin Tawa, cikin Nijar. A 1962 mutanen ƙauyen suka yanke shawarar gina masallacin Juma'a. Suka ba wani manomi kuma magini, Alhaji Falke Barmu, jagorancin aikin. Kowane gida ya ba da abin da zai iya: wani tubali, wani itace, wani ruwa, wani hatsi. A 1975 ya sake rufin da bakan gizo da tulluwa. Daga 1978 zuwa 1982 ya ƙara hasumiyoyi 4 a kusurwoyi, kowacce da irin surarta. A 1986 masallacin ya ci kyautar Aga Khan ta gine-gine, wadda ake gasarta tsakanin ƙasashen Musulmi na duniya. Ƙauye ne fa, da aikin gayya, da ƙasar gona.

ABIN DA MUTANEN GARI ZA SU YI

1. Kowace shekara, kafin ruwan farko, a sa ranar aikin gayya. A yaɓe bango, a gyara rufi, a buɗe indararo, a cire ciyawa.

2. A yi magudana don ruwan sama da na alwala su tafi nesa da gindin bango. A cike duk ramin da yake kusa.

3. In an ga tsaga, a yi alama da gawayi a ƙarshenta, a rubuta kwanan wata. In bayan 'yan kwanaki ta wuce alamar, ko bakinta ya ƙara buɗewa, to ginin yana motsi.

4. In azara ta lanƙwasa, ko ƙasa tana zubowa daga rufi, ko ana jin ƙara a sama, a fitar da jama'a nan take. A yi salla a fili har sai an gyara. Ran mutum guda ya fi kowane gini daraja.

5. A kira Sarkin Magina ko wani tsohon gwani ya duba. A sanar da dagaci da sashen ayyuka na ƙaramar hukuma.

6. Kada a shafa siminti a bangon ƙasa sai da shawarar wanda ya san aikin.

7. In jama'a sun yi yawa, a duba ko za a iya gina sabo a gefe, a bar tsohon ya zama na salloli biyar ko makarantar allo. In masallacin tsoho ne ƙwarai, a sanar da Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa kafin a taɓa shi. An kafa wannan hukuma a 1979, tana kuma da gidajen tarihi a wurare irin su Gidan Makama na Kano, da Kaduna, da Jos.

8. A shuka giginya da ɗorawa. Wanda ya shuka ba lalle ne ya ci moriyarsu ba, amma jikansa zai yi rufi da su.

SABABBIN KALMOMI

Ƙarni: shekara 100.
Mihirabi: lungun da liman yake tsayawa.
Birji: jar ƙasa mai tsakuwa.
Datsi: yankakkiyar ciyawa da ake kwaɓa ƙasa da ita.
Bakan gizo: lanƙwasasshen gini na azara da ƙasa mai ɗaukar rufi.
Tulluwa: rufi mai tudu a tsakiya.
Laso: haɗin da ake shafa wa rufi don hana yoyo.

TAMBAYOYI

1. Da waɗanne kaya aka gina masallacin Madina a 622?
2. Wane sarki ne ya sa aka gyara Hasumiyar Gobarau?
3. Mene ne amfanin itatuwan da suke jikin hasumiyar Agadas?
4. Wane ne ya gina masallacin Juma'a na Zariya, kuma a zamanin wane sarki?
5. Don me siminti yake cutar bangon ƙasa?
6. Faɗi alamu 3 da suke nuna gini ya kusa faɗuwa.

AIKIN GIDA

Kowane ɗalibi ya je wurin liman ko wani dattijo a garinsu. Ya tambaye shi wanda ya gina masallacin garin, da sarkin ko dagacin da yake kan mulki a lokacin, da sunayen limaman da suka yi limanci a cikinsa bi da bi. Ya rubuta amsar a littafinsa, da boko ko da ajami. A mako mai zuwa a karanta a aji, a haɗa su wuri guda, a yi kwafi biyu. A ba liman ɗaya, malamin aji ya ajiye ɗaya.

Allah Ya tsare masallatai da masu salla a cikinsu, amin.